Ɗan Tartsatsin da Mota da Jirgi ke Tafiya a Kansa

Ina da shekara 11 aka fara tura ni garejin kawuna a Sabon Garin Zariya duk lokacin hutun makaranta, wai don kada yawon ƙwallo ya lalata ni. Ban zama bakanike ba, alƙalami ya janye ni, amma aikin farko da aka damƙa mini har yau yana hannuna: wankin fulogi. Za a ba ni gwangwanin madara da ɗan fetur a ciki, da guntun buroshin waya, in zauna a gindin dalbejiya ina kankare baƙin da ya daskare a bakin fulogan Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo, har sai ƙarfen ya fito fes. In na gama sai Kawu ya karɓa, ya cusa ɗaya a wayarsa, ya jingina shi da jikin inji, ya ce wa babban yaronsa, "Buga mata." Inji na juyawa sai ka ga wata 'yar wuta tana tsalle a bakin fulogin, tas, tas, tas. In shuɗiya ce sai ya gyaɗa kai. In ja ce mai kasala sai ya ce, "Ragon fulogi ne, a jefar."

Ranar da na ce ni ma zan gwada, sai na riƙe fulogin haka nan ba tsumma. Abin da ya ratsa ni daga yatsu zuwa kafaɗa ba na mantawa da shi. Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "To ɗan nan, yau kun gaisa. Ita ce ke jan duk motar nan."

A lokacin nan kuwa ƙananan jiragen koyon tuƙi na kwalejin jiragen sama ba sa rabuwa da shawagi a sararin Zariya. Nakan ɗaga kai da fulogi a hannu ina raya wa raina cewa abin da ke kunna injin wancan dole ya fi namu zamani nesa ba kusa ba. Sai da na girma na san na yi kuskure. Abin da ke ba yawancin ƙananan jirage wuta ya girmi na Fijon Kawu, ɗan'uwan wanda ke cikin ƙaramin janaretan gida ne. Dalilin da ya sa haka, da kuma sababbin dabarun da ake ƙoƙarin sauya fulogi da su, su ne labarin da nake son bayarwa.

Abin da ke faruwa a cikin silinda

Injin fetur, na mota ne ko na babur ko na janareta, galibi aiki huɗu yake ta maimaitawa. Fistin ya sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, wuta ta kama su su turo shi ƙasa da ƙarfi, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. Bajamushe Nikolaus Otto ne ya daidaita wannan tsari a 1876, har yau kuma a kansa ake. Cikin huɗun nan na uku ne kaɗai ke kawo ƙarfi, shi kuwa ba ya samuwa sai an ƙyasta. Fulogi ƙyastu ne irin na kakanninmu, sai dai a madadin ƙarfe da ƙanƙara, lantarki ne ke tsallake wani ɗan gibi da bai wuce kimanin milimita 1 ba. Batirin mota volt 12 ne kacal, ba shi da ƙarfin wannan tsalle, shi ya sa ake da kwayil, wanda ke ɗaga shi zuwa volt 20,000 ko 30,000, wani lokaci ma fiye. Abin da na gaisa da shi ke nan.

Bari mu ɗan yi lissafi. Mota mai silinda 4, injinta na juyi 3,000 a minti ɗaya, kowane fulogi yana ƙyastawa sau 25 a daƙiƙa, su huɗun sau 100. In ka yi awa 2 a haka daga Zariya zuwa Kano, an ƙyasta sau 720,000. Kowace ɗaya kuma dole ta zo a kan lokacinta.

Lokacin nan shi ne gishirin maganar. Fetur a cikin silinda ci yake yi kamar wutar daji, daga inda aka cinna ta take bazuwa, kuma tana buƙatar kashi 2 ko 3 cikin 1,000 na daƙiƙa kafin ta gama. Saboda haka ba a jiran fistin ya kai ƙololuwa, tun yana hanya ake ƙyastawa, kamar yadda maharbi ke auna gaban tsuntsun da ke tashi. In an makara, wutar za ta bi fistin da ya riga ya juya baya, ƙarfin ya fice ta salansa, inji ya yi zafi. In an yi gaggawa, za ta tare shi yana hawowa, ka ji inji yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, in abin ya daɗe har ya huda fistin. Wannan shi ne tayimin da makanikai ke faɗa. Wahalarsa ita ce ba ya tsayawa wuri ɗaya: tayimin da ya dace da mota a tsaye daban, na hawan tudu da lodi daban, na sanyin asuba daban, na fetur mai kyau da na gurɓatacce ma daban.

Daga kwalin ashana zuwa birenbos

Dabarar farko da ta karɓu ita ce maganeto. Kamfanin Robert Bosch na birnin Stuttgart ya ɗora shi a injin abin hawa a 1897, sannan a 1902 injiniyansa Gottlob Honold ya ƙera mai ƙarfin da zai iya harba wuta a bakin fulogi. Maganeto ɗan janareta ne mai zaman kansa: maganaɗisu yana juyawa kusa da naɗin waya, wuta ta samu, ba ruwansa da batir. Duk wanda ya taɓa jan igiyar janareta ya yi aiki da irinsa.

A 1910 wani Ba'amurke, Charles Kettering, ya sa wa motar Cadillac tsarin batir da kwayil da kontak da distiribita, tsarin da ya yi mulki shekara sama da 60. Shi ne a cikin Fijon da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Lagonsa kontak ne, wasu 'yan ƙarafa biyu da ke buɗewa suna rufewa a kowace ƙyastawa, suna cinyewa a hankali. Na sha ganin Kawu yana goge su da gefen kwalin ashana, ya yagi kwalin ya auna gibinsu da shi. Tayimin kuwa da kunne yake saitawa: ya sassauta distiribita, ya riƙa murɗa ta kaɗan-kaɗan yana sauraro har inji ya daidaita numfashinsa. Da damina kuma, mota na faɗawa kududdufi ruwa ya shiga hular distiribita, sai a fito a yi ta turi.

Shekarun 1970 suka kawo taransisto ya karɓi aikin kontak. Chrysler ya fara a 1972, shekara na zagayowa ya sa wa duk motocinsa. Daga nan kwamfuta ta shigo, abin da makanikanmu ke kira birenbos. Tana da na'urar da ke gaya mata inda karanshaf yake a kowane lokaci, tana da wata maƙale a jikin inji da ke sauraron ƙarar tsakuwar nan, da ta ji sai ta ja tayimin baya. Wato kunnen Kawu ne aka dasa a cikin mota, mai gyara saiti a kowace ƙyastawa. A 1988 kamfanin Saab na Suwidin ya fitar da tsarin da kowane fulogi ke da kwayil nasa a kansa. Buɗe bonet ɗin Corolla ko Camry 'yar Kwatano ka duba, ba distiribita, ba manyan wayoyi, sai kwayil huɗu a jere kamar sojoji.

Shi kansa fulogin ya sauya. Na zamani bakinsa na iridiyom ne, ƙarfen da ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,400, shi ya sa ake iya sirantar da shi zuwa rabin milimita, ya kuma yi tafiyar kilomita 100,000 ba a taɓa shi ba. Tun 2010 Mercedes yake da injunan da ke iya ƙyastawa har sau 4 a jere cikin kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa. Bajaj na Indiya kuwa a 2003 ya fitar da babur mai fulogi biyu a silinda ɗaya, don wuta ta ci daga gefe biyu.

Koko mai kauri da tsinkakke

To in an kai nan, me kuma ake nema? Tsimin mai. A injin fetur na yau da kullum, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da ke cikin lita ne ke zama tafiya, sauran zafi ne da ke fita ta lagireto da salansa. Da Toyota ya kai kashi 40 zuwa 41 cikin 100 a 2017, sai da aka yi ta labari.

Ɗaya daga cikin hanyoyin ƙara wannan kaso ita ce a rage fetur a ƙara iska. Haɗin da aka saba shi ne awo 14.7 na iska a kan awo 1 na fetur, ta fuskar nauyi. Mu kira shi koko mai kauri. In aka tsinka shi, iska ta ninka, wutarsa ba ta kai waccan zafi ba, ƙarfin da ke tsiyayewa ta bangon silinda ya ragu, inji kuma ya daina wahalar zuƙar iska ta ƙuntatacciyar ƙofa. Sai dai tsinkakken haɗi ba ya son kamawa. Kamar a ba ka ɗanyen itace da tsinken ashana ɗaya ne a cikin iskar hunturu. Wani lokaci ya kama, wani lokaci ya mutu, in ya kama ma ya ci a hankali har fistin ya wuce. Ƙananan injunan zamani masu tabo, wato na'urar da ke cusa musu ƙarin iska, sun ƙara wa fulogi wahala, don gwargwadon matsin da ke cikin silinda, gwargwadon ƙarfin da tartsatsi ke buƙata kafin ya tsallake gibi. Duk sababbin dabarun da za mu gani amsar tambaya ɗaya suke nema: yaya za a cinna wa tsinkakken haɗi wuta, ya ci da sauri, kuma kada a yi fashi ko sau ɗaya?

Zaure a bakin silinda

Amsar da ta fi nisa zuwa yanzu ita ce a gina wa silinda ɗan zaure. Wani ɗan ƙoƙo ne da bai kai kan babban yatsa ba, fulogi yana cikinsa, a gindinsa kuma akwai 'yan ƙananan huji. A cikin zauren ake fara ƙyastawa. Da wuta ta kama, matsi ya taru, sai ta feso ta hujin nan kamar harsunan wutar maƙera, su ratsa babban ɗakin ta ko'ina a lokaci guda. Manomin da ya taɓa ƙona sassabe ya san bambancin mutum ɗaya ya cinna daga kusurwa, da mutum shida su bazu da bakin wuta a hannu.

Dabarar tsohuwa ce. Honda ya yi amfani da irinta a injinsa na CVCC a shekarun 1970, har ya cika sharuɗɗan dokar hayaƙi ta Amurka ba tare da matatar salansa ba, wadda makanikanmu suka laƙaba wa suna indomi. Manyan injunan iskar gas masu ba da lantarki ma sun daɗe da ita. Abin da ya farfaɗo da ita a mota shi ne gasar tsere ta Formula 1. A 2014 aka sauya doka, aka ce mota ba za ta sha fiye da kilo 100 na mai a tsere ɗaya ba. Mai son ya yi nasara dole ya tatsi kowane ɗigo. Ferrari ya haɗa kai da kamfanin Mahle na Jamus ya sa zaure a injinsa a 2015, a 2017 kuma Mercedes ya sanar cewa injinsa na tsere ya haura kashi 50 cikin 100 a ɗakin gwaji, ko da yake akwai gudummawar wasu na'urori a ciki. A 2020 dabarar ta sauko titi a cikin Maserati MC20, mai inji lita 3 da ƙarfin doki 630. A wannan injin kowane silinda fulogi biyu gare shi, ɗaya a zaure, ɗaya a babban ɗaki, domin zaure ba ya aiki da kyau in mota na tafiyar hawainiya a cunkoso.

Mazda ya bi wata hanyar a injinsa na Skyactiv-X da ya fito a 2019. Injin gas, wato dizal, ba shi da fulogi, matsi kawai ke kunna shi. An daɗe ana son fetur ya yi haka, sai dai ba ya jin linzami, yakan kama lokacin da ya ga dama. Sai Mazda ya cika silinda da tsinkakken haɗi, iska fiye da awo 30 a kan 1, ya matse shi har gab da kamawa, sannan ya fesa ɗan fetur kusa da fulogi ya ƙyasta. Ƙwallon wutar da ya tashi sai ya zama kamar fistin na biyu, ya ƙarasa matse sauran, duka su kama gaba ɗaya. Kowane silinda akwai na'urar auna matsi a cikinsa tana ba kwamfuta rahoto.

Akwai kuma waɗanda suka ce a rabu da tartsatsi ɗaya tilo. A 2011 kamfanin Federal-Mogul ya nuna wani abu mai siffar fulogi amma bakinsa kamar tauraro, yana fitar da zaruruwan lantarki masu tsawo ta kowane tsini, su kunna wuri mai faɗi lokaci ɗaya. Ana kiran dabarar korona. Wani kamfani a Kalifoniya, Transient Plasma Systems, yana harba lantarki mai tsananin ƙarfi a gajeren lokacin da ake aunawa da kashi cikin biliyan na daƙiƙa, ya farfasa ƙwayoyin iska da fetur su kama cikin sauƙi. A Japan kuma, a 2011, masanin kimiyya Takunori Taira da abokan aikinsa sun nuna hasken leza da aka ƙanƙantar har zai shiga gurbin fulogi. Duk yaron da ya taɓa ƙona takarda da gilashin tabarau a rana ya san asalin abin: a tattara haske a ɗigo ɗaya. Amfaninsa shi ne za a iya sa ɗigon a tsakiyar silinda, nesa da bango mai sanyi, ko ma a wuri biyu ko uku, kuma babu bakin ƙarfen da zai cinye.

Waɗannan uku na ƙarshe har yanzu ba su shiga motar da ake sayarwa a kasuwa ba. Dole su jure zafi da girgiza na shekaru, tagar leza kada ta yi baƙi, farashinsu kuma ya yi gogayya da fulogin da ake bugawa miliyoyi a kan kuɗi kaɗan. Ga shi kamfanoni da yawa sun karkatar da kuɗin bincikensu zuwa motoci masu batir.

A sama babu gefen titi

Wani abokin karatuna da ya zama injiniyan gyaran ƙananan jirage shi ya fara ɗora mini maganeton jirgi a hannu. Dunƙulen baƙin ƙarfe ne mai nauyi, girmansa kamar kwakwa. Da ya buɗe shi sai ga kontak, ga kondensa, ga ɗan distiribita, kayan garejin Kawu sak. Na ce masa ashe da wannan tsohon yayi kuke ɗaukar rayukan mutane? Ya ce, "Mutumina, kai in taka ta mutu sai ka gangara gefen titi ka kira bakanike. A sama ina gefen titin yake?"

Yawancin ƙananan jirage masu farfela, irin Cessna 172 da aka fara ƙerawa a 1956, kuma aka yi sama da 44,000, injunan Lycoming ko Continental na Amurka suke ɗauke da su, waɗanda asalin zanensu na shekarun 1940 da 1950 ne. Kowane inji maganeto biyu gare shi, kowane silinda fulogi biyu, ɗaya na wannan maganeto, ɗaya na wancan. In batir ya mutu, in duk lantarkin jirgi ya ɗauke, inji bai san ana yi ba. In maganeto ɗaya ya lalace, ɗayan zai kai ka gida. Fulogi biyun suna da wani amfanin kuma, domin faɗin silindan ya kai santimita 13, wuta daga gefe ɗaya za ta daɗe kafin ta ƙetare.

Shi ya sa makullin irin wannan jirgi gurbi biyar gare shi: kashewa, dama, hagu, duka biyu, tayarwa. Kafin kowane tashi matuƙi zai tsaya a bakin titin jirgi, ya taka birki, ya ɗaga inji zuwa juyi 1,700 ko 1,800, ya murɗa makulli zuwa dama kaɗai, ya koma duka biyu, sannan hagu kaɗai, idonsa a kan agogon juyi. Dole juyin ya ɗan sauka, amma kada ya wuce abin da littafin jirgin ya yarda, tsakanin 125 da 175 gwargwadon samfuri. In ya wuce, ba tashi. In kuma bai sauka ko kaɗan ba, nan ma akwai magana, domin alama ce wayar da ke kashe maganeton ta tsinke, yana nan da ransa ko an zare makulli. Saboda haka ake koya wa ɗalibi tun ranar farko kada ya yi wasa da farfela, ko da jirgi a kashe yake.

Wannan amana tana da tsada. Tayimin maganeto a kafe yake, a injuna da yawa digiri 25 kafin fistin ya kai ƙololuwa, lissafin da aka yi don lokacin tashi da cikakken ƙarfi. In jirgi ya yi sama, iska ta yi shara-shara, haɗin yana ci a hankali, ya kamata a ƙyasta da wuri, amma maganeto bai san wannan ba, sai mai ya tafi a banza. Wajen tayarwa kuma wutarsa rarrauna ce, tunda a hankali yake juyawa, har sai da aka sa masa wani sifirin da ke ɗanawa ya sake shi da ƙarfi, ka ji ƙas. Kayan cikinsa suna cinyewa, duk awa 500 sai an sauke shi an buɗe.

Abin da ya hana jirgi bin sahun mota da wuri abu biyu ne. Duk abin da za a ɗaura wa injin jirgi sai hukuma ta gwada shi ta ba da takarda, aikin shekaru da kuɗi masu yawa. Kasuwar kuma 'yar ƙarama ce: ƙananan jirage masu fistin da ake ƙerawa a duniya ba su kai 2,000 a shekara ba, motoci kuwa sun haura miliyan 80. Don haka masu harhaɗa jirgi da hannunsu a Amurka, waɗanda doka ta sakar wa mara, su suka fara gwada na lantarki. Daga baya kamfanoni irin Electroair da SureFly suka samu amincewar hukumar jiragen sama ta Amurka, SureFly a 2019, shekarar da Lycoming ma ya fara sayar da nasa. Na'urar tana zama daidai a gurbin maganeto, ba kontak a cikinta, ba buɗewar awa 500, wutarta ta fi ƙarfi wajen tayarwa, kuma wasunsu suna matso da tayimin gaba in jirgi ya yi sama.

Amma dubi yadda ake sa ta. Mafi yawa maganeto ɗaya ake cirewa, a bar ɗayan yana gadi. Mai son cire duka biyun sai ya tanadi batir na biyu. Kamfanin E-MAG ya sa wa tasa ɗan janareta a ciki, da inji ya kama gudu sai ta riƙa ciyar da kanta, wato sabuwar ƙwaƙwalwa da tsohuwar ɗabi'ar maganeto. Rotax na Ostiriya, a injinsa na 912 iS da ya fito a 2012, kwamfutar layi biyu gare ta, janareta ma biyu. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, masu jirgi kuwa ko sun sayi sabuwa ba sa zubar da tsohuwar.

Akwai wani abin da ke ƙara tura su. Man ƙananan jirage, mai launin shuɗi da ake kira 100LL, har yau akwai dalma a cikinsa, don ita ke hana ƙarar tsakuwar nan a inji mai kafaffen tayimin. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba. An daina sayar da fetur mai dalma na mota a duk duniya a 2021, Aljeriya ce ta ƙarshe. Amurka ta sa ƙarshen 2030 a matsayin lokacin da take son raba man jirage da ita, a 2022 kuma ta amince da wani sabon mai maras dalma, G100UL. Dalmar nan ita ce ke daskarewa a bakin fulogin jirgi, abokina yana zaune yana tsokale ta da tsinke kamar yadda nake yi a gindin dalbejiya. Injin da zai iya sauya tayimin da kansa ya fi sauƙin sabawa da sabon mai.

Kwalejin Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta bi wata hanyar daban. Man 100LL shigo da shi ake yi, ga tsada ga wuyar samu, sai ta sayo jiragen Diamond DA40 da DA42 daga Ostiriya, masu injin dizal da asalinsa na motar Mercedes ne, suna shan irin man manyan jirage. Waɗannan ba su da maganeto, ba su da fulogin tartsatsi ko ɗaya.

Namu rabon

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a wurare da yawa a 2024, maganar tsimin mai ta bar ɗakin gwaji ta shigo aljihun kowa. Mota mai zaure za ta iso mu, amma ta hanyar da sauran suka iso, bayan ta yi shekara 10 ko 15 a hannun wani. Kafin nan, wanda ya tare ka da wata 'yar na'ura ya ce in ka maƙala wa motarka za ta rage shan mai da rabi, ka tuna irin dukiyar da Ferrari da Mercedes suka zuba kafin su samu ƙarin 'yan kaso kaɗan.

Abin da ya shafe mu yau shi ne masu mayar da mota ko Keke Napep zuwa iskar gas ta CNG. Gas ya fi fetur wuyar kamawa, ya kuma fi shi jinkirin ci. Fulogi da kwayil da suke lallaɓawa a kan fetur, da an koma gas sai asirinsu ya tonu, mota ta fara fizga ko ta yi ta harbi ta baya. Mai hankali zai sabunta fulogi, a duba kwayil, a daidaita tayimin, kafin ya ɗora wa gas laifi. Haka nan in fitilar inji tana ƙyaftawa a dashbod, mota tana misin, kada a ce sai ƙarshen wata. Ɗanyen man da bai ƙone ba salansa yake tafiya, ya ƙone a cikin indomi ya narkar da ita, kuɗinta kuwa ya ninka na fulogi sau da yawa.

Ni kaina araha ta taɓa ja ta. Na sayi fulogi huɗu a wani shago, kwalinsu na iridiyom, kuɗinsu rabin na ko'ina. Wata uku ba su cika ba motar ta fara rawar sanyi a danja, kwayil ɗaya ya ƙone. Na kai ta tsohon garejin. Kawu ya tsufa, a benci yake wuni da carbi, wani matashi ne ke riƙe da wurin. Ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya duba allo ya ce silinda na 3 ne. Kawu ya ce a ciro masa ya gani. Ya juya fulogin a hannu, ya kankari bakin da farce, ya sa aka cusa shi a kwayil mai lafiya aka jingina da jikin inji. "Buga mata." Ya ɗan sunkuya ya duba, ya ce, "Ragon fulogi ne, a jefar."

Muna nan sai ga wani farin jirgin koyo ya gitta ta samanmu, ƙararsa a tausashe. Na ce, "Kawu, ka san wancan ba shi da fulogi ko ɗaya?" Ya bi shi da ido har ya ɓace a bayan dalbejiya, sannan ya ce, "To, su kuma yaransu me ake ba su su wanke?"